Kuzbarar Bakin Kwatami

Ni 'yar Bakura ce, aure ya kai ni Talata Mafara a shekarun da ake ginin dam ɗin Bakolori. Mutanen gidan da na shiga su ma baƙi ne a garin. Ƙauyensu yana can wajen Maradun, a bakin gulbi, cikin garuruwan da aka ce su tashi domin ruwa zai kwanta a wurin. An nuna musu wani tudu mai tsakuwa aka ce nan ne sabon mazauninsu. Surukina, wanda dukanmu muke kira Baba, ya je ya duƙa ya ɗebi ƙasar ya murza a tafin hannu, ya watsar, ya ce ko gujiya ba za ta yarda ta zauna nan ba. Da ɗansa, wato maigidana, ya sami aikin lebura wurin masu haƙa hanyoyin ruwa, sai Baba ya ɗauko matarsa, Inna, suka biyo shi Mafara. Muka kama hayar ɗakuna biyu a wani tsohon gidan ƙasa a bayan tasha.

Baba mutumin lambu ne tun tasowarsa. Albasa, tattasai, dankali, taba, babu wanda bai noma ba a fadamarsu. A Mafara kuwa ko tafin hannu na ƙasa ba shi da shi. Sai ya wuni a zaure yana wasa wata 'yar fartanya da ba ta da aikin yi, in an kai masa abinci ya taɓa kaɗan ya turo kwanon. Inna takan ce mutumin nan bushewa yake yi a zaune kamar kuɓewar da aka manta a kan rufi.

Katanga ɗaya ta raba mu da wasu Kiristoci mutanen kudancin Zariya. Mijin yana dafa abinci a gidan wani injiniya Ba'indiye da ke aikin dam, saboda haka kowa Kuku yake ce masa. Matar tana aikin jinya a asibiti, tana da tagwaye maza, muna kiranta Maman Biyu. Mace ce mai faɗa da dariya a lokaci guda. Ita ta fara gane ina da ciki tun kafin in faɗa wa kowa, ta leƙo ta kan katanga ta ce, “Amarya, wannan tofar da yawun naki ba na banza ba ne.”

Da sanyi ya fara shigowa, wata ranar Lahadi Kuku ya yi sallama da Baba, ya kwance wani ƙunshin takarda a gabansa. Wasu 'yan ƙwayoyi ne masu launin ƙasa, kamar barkonon masoro amma sun fi shi haske. Ya ce matar maigidansa ta dame shi, wai abinci ba ya ciyuwa gare su in babu ganyen wannan abu, kuma in an aiko musu da shi daga Kano kafin ya iso ya yi yaushi ya ruɓe. In Baba zai iya noma shi, za su saya, kuma akwai wasu gidajen Indiyawa da Kwarori da za su so.

Baba ya kira Inna ta gani. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna, ta ce, “A'a, wanga ai kuzbara ce. Masu kayan yaji na sai da ita busassa. Ashe ganye gare ta?”

Ranar na ga Baba ya cinye tuwonsa tas.

A tsakar gida ya shirya irin, ina kallo daga bakin murhu. Ya baza shi a kan tabarma, ya ɗauki takalminsa ya riƙa murzawa a hankali har kowace ƙwaya ta rabe biyu, ya ce in ba a raba ta ba sai ta daɗe ba ta tsiro ba. Ya jiƙa a ƙwarya ta kwana. Kuku ya gaya masa abin da matar Ba'indiyen ta ce: kuzbara ba ta son dashe, inda aka zuba ta nan take so ta girma, tana son sanyi da ƙasa mai laushi da ruwa kullum, in zafi ya taso sai ta yi tsiri ta fitar da fure, ganyen ya ƙare. Baba yana ji yana gyaɗa kai, kamar wanda ake ba labarin wani ɗan'uwansa da bai taɓa gani ba. Da Inna ta tambaye shi inda zai zuba, sai ya ce ya samu wani kwari a bayan barikin lebura, akwai ruwa, kuma ba mai shi. Ba wanda ya ƙara tambaya. Murna muke yi tsoho ya samu abin yi.

Wata guda da 'yan kwanaki ya shigo da buhu jiƙe a kafaɗa, ya zazzage shi a gabana ya ce wa Inna, “A ba ɗiyar ga ta wanke ta ɗaure, hannunta ya fi namu tsabta.”

Ganye ne kore shar, mai laushi, gefensa a tsattsage kamar an yi masa ado da almakashi. Na kai hannu na ɗebo. Warin da ya bugi hancina na san shi sarai. Ɗakin da muke haya cike yake da kuɗin cizo, suna cikin tsagar bango da ƙafafun gado, kullum da safe sai na bi su ina murtsukewa da yatsa. To, wannan warin da ke maƙale a yatsa bayan ka murtsuke kuɗin cizo da ya sha jini, shi ne warin ganyen nan, ba ragi ba ƙari. Ban kai bakin makewayi ba na amayar da kokon da na sha.

Inna ta yi ta dariya, ta ce cikin fari ne. Ita ba ta ji komai ba sai ƙamshi. Maigidana ma da ya dawo ya shinshina ya ce kamar lemun tsami. Na rasa yadda hancina ya bambanta da na mutane.

Daga nan aikin ya zama nawa. Kullum da hantsi sai in ɗaure hanci da gefen ɗankwali, in zauna gaban baho, in wanke, in tsince ruɓaɓɓe, in ɗaɗɗaure da kaba. Warin ya shiga farcena, ya shiga zanena, in na sa hannu zan ci abinci shi nake fara ji. Na gwada toka, na gwada sabulun salo, na gwada tsamiya, bai fita ba.

Inna kuwa ta kamu da son abin. Tana da kumburin ciki da gyatsa mai tsami tun da daɗewa, sai ta fara tafasa ragowar irin tana sha bayan cin abinci. Gaskiya ɗaya ce, na ga ya yi mata amfani, domin ta daina nishin nan da take yi da yamma tana dafe ciki. Daga nan ba a iya zama da ita. Duk matar da ta shigo gidan sai ta sha huɗuba: kuzbara tana kwantar da ciki, tana buɗe wa mara lafiya baki ya ci abinci, tana kashe warin baki, tana sanyaya jiki, tana kawo wa mai jego nono. Ta fara yanka ganyen cikin miyar kuka, abin da bai taɓa haɗa hanya da kuka ba tun da aka halicci duniya. Ta yanka shi ɗanye cikin kwaɗon rama. Wata rana ta tafasa mini kofi guda ta tsaya a kaina.

“Shanye shi, ɗiyata. Shi ka tsai da tashin zuciya.”

“Inna, shi ne ke tayar mini da ita.”

“Ƙarya kika yi mishi. Shanye.”

Na rufe ido na shanye domin kunyar uwar miji. Ko tsayawa bai yi ba ya dawo, har ta hanci.

Ciniki ya buɗe. Kuku ya kawo wasu kukuye 'yan'uwansa, malaman makaranta 'yan Pakistan suka riƙa aikowa, Baba ya ƙara fangali a kan fangali. Ya sayi sabuwar hula, ya fara zuwa majalisa bayan la'asar, har dariyarsa na ji karo na farko tun da aka kawo ni gidan.

Ni kuwa na fara lura da wani abu a cikin bahon wankina. Ruwan ba ja yake yi ba irin na ƙasar lambu, baƙi yake yi, da wani maiƙo-maiƙo a samansa. In ya kwanta sai in ga wasu 'yan jajayen tsutsotsi suna motsi a ƙasa. Sau ɗaya na tsinci gashin kaza a cikin saiwar, wani lokaci ɓawon ƙwai, wani lokaci wani abu mai santsi da ban tsaya duba shi ba. Kuma ƙarƙashin warin kuɗin cizon akwai wani wari na daban, mai nauyi, wanda na kasa gane ko na mene ne. Na ce a raina ƙila hancin mai ciki ne.

Inna ce ke kai wa Baba abincin rana. Wata rana gwiwarta ta kumbura ta kasa takawa, babu kuma wanda za a aika, sai ta ce in yafa mayafi in kai. Ta kwatanta mini hanya: in wuce bariki, in bi bayan rumfunan masu abinci, in gangara.

A bayan barikin wani gari guda ne ya tsiro da kansa saboda aikin dam. Masu tuwo, masu shayi, mahauta, ɗakunan langa-langa da ake haya, gidajen giya, da makewayai na zana jere a baya. Duk ruwan da ke fitowa daga wuraren nan kwatami ɗaya yake bi ya gangara kwari. Tun daga nesa na gane warin nan na biyu da ke cikin bahona.

Ruwan baƙi ne ƙirin, yana tafiya a hankali kamar kunu, da kumfa mai launin toka a gefe. Ga tumbin akuya da mahauta suka zubar, ga gashin kaji, ga tsummokara, ga bayan gidan mutane a fili yana yawo, ba wani ɓoye-ɓoye. Fararen tsutsotsi sun yi dami a bakin gaɓa suna hawan juna. Korayen ƙudaje sun rufe wani mushen kare da ya kumbura, angulaye biyu suna tsaye a kansa ko gezau ba su yi ba da suka gan ni.

A ƙarshen gangaren Baba ya haƙa rami inda ruwan ke taruwa. Yana tsaye a ciki har gwiwa, wando a naɗe, da ɓarin ƙwarya a hannu, yana kamfato ruwan yana watsa wa fangulan, yana sauka a kan ganyen kai tsaye. Lambun kuwa, wallahi ban taɓa ganin kore irinsa ba. Ko a fadamar Bakura lokacin da take fadama ban ga shuka ta yi ƙoshi haka ba.

Dole na durƙusa nesa kaɗan na sunkuyar da kai, domin ba a gaida suruki a tsaye.

“Baba, ina wuni.”

“Lahiya lau, ɗiyata. Ina gajiya?”

“Babu gajiya.”

“Ya gidan? Ya ƙahwar Innar taku? Ya nauyin jiki? An samu labarin mutanen Bakura?”

Yana jero gaisuwa ina amsawa da guntun numfashi, ƙudajen mushen suna sauka a kan mayafina da murfin kwanon tuwon. Ya fito daga ramin, baƙin ruwa yana bin ƙaurinsa, ya tsiyaya 'yan ɗigo daga butar alwalarsa a kan yatsu, ya goge a riga, ya buɗe kwano ya yi bisimilla. Kafin in tashi ya tumɓuko dami guda, ya karkaɗe, ya miƙo mini ya ce in kai wa Inna ta sa a kwaɗo. Na karɓa da gefen mayafi. Da na hau tudu na wurga shi cikin wata geza, na tsuguna na yi amai har sai da wata mai tuwo ta kawo mini ruwa. Shi ma ruwan na kasa sha, don ban san inda ta ɗebo ba.

Da maigidana ya dawo da yamma na faɗa masa duk abin da na gani. Yana kwance igiyar takalminsa ya ce, “Taki ne. Gonar wa ba a kai wa taki?”

“Taki ai sai ya bushe ya ruɓe ya koma ƙasa. Wannan ɗanye ne, ana yi ana zubawa.”

“Ke dai ki wanke da kyau.”

“Ka san wurin ke nan?”

Sai ya ce, “Ubana ne. Kin ga yadda yake kafin ya samu lambun ga. Ki rufa mana asiri.”

Na je wa Inna da maganar washegari, ina tsammanin mace za ta fi ganewa. Tana yanka ganyen a kan faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ƙasa ba ta ƙyamar kowa, duk abin da aka ba ta sai ta mayar da shi abinci, kuma ruwa mai gudu ba ya ɗaukar ƙazanta. Ta ce mu 'yan Bakura dama an san mu da iyayi. Ta ɗebi yankakken ganyen ta barbaɗa a kan kwaɗo, ta cuɗa da hannu, ta kai baki.

Tun daga ranar na daina cin miyar gidan. Gaya nake ci, ko in dama fura. Wankin ganyen kuwa ban isa in ƙi ba, sai dai in na gama in wanke hannu har fata ta yi fari. Na rame, idanuna suka faɗa.

Maman Biyu ce ta tare ni wata safiya ina shanya. Ita ma a gajiye take, domin tagwayenta sun kwana biyu suna gudawa, ɗaya har ya fitar da tsutsar ciki. Ta ce abin ya ɗaure mata kai, ruwansu tafasasshe take ba su. Ta ce 'yar ƙaramar yarinyar Ba'indiyen ma an kwantar da ita an yi mata ƙarin ruwa.

Na tambaye ta yadda suke cin ganyen a can gidan.

“Ɗanye mana. Suna niƙa shi da barkono da lemun tsami, su dangwala. Maigida yakan kawo mana ragowa, yaran nan suna so da burodi.” Ta tsaya ta dube ni. “Amarya, me kika sani?”

Na tuna maganar maigidana. Na kuma leƙa ta katanga na dubi ɗaya daga cikin tagwayen da ke kwance a kan tabarma, wuyansa kamar zare. Na faɗa mata.

Ta ɗaura ɗankwali ta fita da silifas. Da ta dawo sai da ta wanke ƙafa da ruwan magani tukuna ta leƙo ta katanga, fuskarta a murtuke.

“Ganyen ba shi da laifi,” in ji ta. “Mai kyau ne. Yana gyara ciki, yana sa cin abinci, yana ƙara wa jiki abin da kowane ɗanyen ganye ke ƙarawa. Da ruwan rijiya aka ba shi, ni da kaina zan ce ki ci. Amma abin da na gani can, ko an wanke sau goma ƙwan tsutsa yana nan maƙale. Kashin mutane muke ba 'ya'yanmu da burodi.”

Da la'asar Kuku ya yi sallama da Baba a zaure. Ina tankaɗe a bayan bango, ina jin komai. Sun daɗe suna gaisawa, aka tambayi aiki, aka tambayi iyali, aka tambayi sanyi. Sannan Kuku ya sassauta murya ya ce, “Baba, ruwan nan da ake ba ganyen, an ce ba shi da kyau. Yara suna ciwo.”

Sai na ji muryar Baba.

“Ɗana,” in ji shi, “ni da gulbi na tashi. Ruwan da nika ba albasata, shi nika sha, shi nika alwala da shi. Wa ya amshe shi? Su maigidanka. Sun tare gulbi, sun nutsar da gonata da kabarin ubana, sun nuna min tsakuwa. Na zo garin ga na duba gabas na duba yamma, ruwan da ya rage wanda ba mai shi, shi ne wancan. Abin da suka bar min shi na ba shukata. In sun ci, nasu suka ci.”

“Baba, har da 'ya'yana.”

“Allah shi ba su lahiya. Ban aike ka ka ba su ba.”

Rariyar ta tsaya a hannuna. Tausayinsa nake ji tun da na zo gidan, ranar ma na ji, amma tsigar jikina ta tashi kamar lokacin da na ga mushen karen nan. Ashe ya sani sarai. Hancinsa lafiya lau yake.

Na zaci daga nan magana za ta fasu. Ba ta fasu ba. Kuku ya daina saye, ya roƙi iri ya zuba a bayan kicin ɗin maigidansa yana ba shi ruwan famfo, ya ce wa matar gidan wai tsohon ya tafi ƙauye. Sauran kukuyen da shi ya kawo su kuwa bai ce musu uffan ba, don kada a gane ta hannunsa abin ya shigo, aikinsa ya tafi. Suka ci gaba da zuwa ƙofarmu kowace safiya, ni kuma ina miƙa dami. Ta katanga na ji Maman Biyu tana zazzaga masa masifa da yarensu, da Hausa, da Turanci. Da ta ga ba zai motsa ba, ta je da kanta ta kai ƙara wurin duba-gari.

Duba-garin ya zo a kan keke, da kakinsa da ya sha guga. Tun daga zaure yake faɗa. Ya leƙa randarmu, ya leƙa makewayi, ya ce za a rufe lambun, za a kai Baba gaban alƙali, za a ƙone ganyen. Zuciyata ta yi sanyi, na ce yau dai Allah ya kawo ƙarshen abin. Suka tafi kwarin tare da Baba. Da suka dawo muryarsa ta sauka, har suna 'yar dariya. Baba ya shigo ya yi wa Inna raɗa. Akwai wani jan zakara da take kiwo tun da aka san ina da ciki, ta ce na farfesun jegona ne. Shi ta sa aka kama, aka ɗaure masa ƙafa, aka rataya a kan keken. Inna ta ɗingisa har zaure tana tambayar mutumin lafiyar iyali, da ya ce matarsa na fama da ciwon ciki, ta ƙulla masa irin kuzbara a tsumma tana koya masa yadda ake tafasawa. Ya ce a ƙara masa da ɗanyen ma. Ni aka kira na miƙo dami biyu. Ya soke su a bayan keke, ya hau, zakaran yana reto kai a ƙasa.

Bayan wannan, gidan ya yi mini tsit. Ba wanda ya zage ni. Baba yana amsa gaisuwata da kalma ɗaya, ya daina ce mini ɗiyata. Inna ta karɓe wankin ganyen ta ce kada in wahala, tunda hannuna na sarauta ne. Maigidana ya yi kwanaki ba ya haɗa ido da ni. Da cikina ya tsufa aka mayar da ni Bakura goyon ciki, kuma na ga alama kowa ya huta, har da ni.

A gida na tarar da nasu ciwon. Tun da aka tare gulbi ambaliya ta daina zuwa, fadamar mahaifina ta tsattsage, rijiyoyin lambu sun ja baya. Ban ba kowa labarin kwatamin ba sai mahaifiyata, ita ma ta toshe baki ta ce in bar shi a cikina, gidan miji ne. Na haifi 'ya mace. Na yi wankan jego, na ci tuwo da miyar da na san asalinta, na yi ƙiba.

Lokacin da na koma Mafara zafi ya taso. Maman Biyu an yi mata canjin wurin aiki zuwa Gusau, sun tashi, wasu Yarabawa masu gyaran rediyo sun shiga ɗakinsu. Kuzbarar ta yi tsiri ta yi fararen furanni, Baba ya bar ta ta bushe ya tara iri buhu guda. Amma lambun bai mutu ba. Mutanen ƙauyensu da suka gaji da tudun tsakuwa sun ji labari sun biyo shi, ya yanka wa kowa wuri a bakin kwatamin, hagu da dama, har ƙasan kwari. Suna zuba latas, da kabeji, da alayyafo, da yakuwa, ana kaiwa kasuwar Talata a manyan kwanduna, mutanen gari suna rububi don ya fi na ko'ina kyan gani. Sarkin lambu suke ce wa Baba. Na daina sayen ganye a kasuwa sam, sai busasshen kuka da kuɓewa da nake aikowa da su daga Bakura.

Da damina ta kusa, wata kwalba ta yanke Baba a tafin ƙafa a cikin ramin. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da shiga. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, ta yi baƙi, ta fara ruwa, ɗakinsu ba ya shiguwa don wari. Inna ta daka ganye ta shafa, ta tafasa iri ta ba shi, ba abin da ya ragu. Ni ke dafa ruwan zafi in ajiye a bakin ƙofa, ni ke wanke tsummokaran da ake cirewa, da sanda nake juya su a cikin baho. Daga ƙarshe aka ɗauke shi a amalanke zuwa asibiti, likitoci suka yanke yatsu biyu, suka ce Allah ya so shi da ba a kai ga ƙafar ba. Ya dawo da sanda, bai ƙara iya gangara kwarin ba.

A cikin watannin nan ne aikin haƙa ya ƙare a ɓangaren su maigidana, aka sallami lebura. Ya yi ta zagaye neman wani aikin bai samu ba. Filayen noman rani da aka ce za a raba wa waɗanda aka tasa, kullum sai a ce sai an gama awo. Wata safiya bayan ya dawo daga masallaci na ga ya naɗe wando, ya ɗauki 'yar fartanyar Baba da ɓarin ƙwaryar nan. Ina goye da yarinya a bakin murhu. Ya tsaya kamar zai yi magana, ni ma na buɗe baki, sai Baba ya ƙwala masa kira daga zaure yana gaya masa fangalin da zai fara buɗe wa ruwa.

Da azahar ya dawo. Na riga na ajiye masa bokiti da sabulu da wani tsohon wando a bayan zaure, na ce kada ya taɓa yarinyar sai ya yi wanka ya yanke farce. Ya yi yadda na ce bai yi musu ba. Na zuba masa tuwo, na koma ɗaki na ba 'yata nono. Shekara uku muka yi a haka kafin a ba su fili a bakin hanyar ruwa, kuma duk hatsin da na tuƙa a shekarun nan kuɗinsa daga kwarin nan ya fito.